Jirgi Cikin Kwalba da Motar Karan Yaran Fakku

Da zarar an yanke dawa an kai rumbu, gonakin da ke kewaye da Fakku ta yankin Kebbe sukan koma hannun dabbobi da yara. Dabbobi na kalar abin da ya zube, yara kuwa kara suke nema, kuma ba kowane kara ba: wanda ya bushe sarai, mai kauri, wanda tsutsa ba ta huda shi ba. Da hantsi za a tarar da uku ko huɗu sun baje a gindin dogon yaro, babbansu riƙe da tsohuwar reza.

Ɓawon ake fara ɓarewa, a tsaga shi siri-siri a ajiye gefe guda, domin shi ne ƙusa, shi ne kuma ƙarfen tagogi. Totuwar da ke ciki ita ce katako. A yanka ta gaɓa-gaɓa, a soke wannan da waccan, kafin a jima gindin mota ya fito, sai bodi, sai gidan direba. Taya daga sakaina ake goge ta a kan dutse har ta yi kewaye, in kuwa an yi dace da tsohon silifa to an huta. Ɓawon kara kaifi gare shi, da wuya a gama mota ba wanda ya tsotsi yatsa. Mai gwaninta a cikinsu har ƙofa yake yi mata mai buɗewa, ya kafa tsani a baya inda yaron mota zai maƙale, ya ɗaura dogon kara ya zama sitiyari.

Wannan wasa yana ja da baya. Motar roba ta cika kasuwannin ƙauye, waya kuma ta kama idon yaro tun bai iya sa wando ba. A cikin wayar nan ne ma matasa da dama suka fara cin karo da wani abu a TikTok da Facebook: jirgin ruwa guda, da sandunansa da igiyoyinsa da ƙyallen kama iska, zaune daram a cikin kwalbar da bakinta bai fi a zura babban yatsa ba. Gardamar da ke biyo baya a majalisa iri ɗaya ce. Wani ya ce an yanke gindin kwalbar ne an mayar, wani ya ce kwalbar aka narka a kansa, wani ya rantse siddabaru ne.

Ta ina jirgin ya shiga?

Ta baki ya shiga, kuma yaron da ya iya ƙofar motar kara ya riga ya san rabin dabarar.

A waje ake gina jirgin kaf. Ana sassaƙa gangar jikinsa daga katako mai laushi, siririya yadda za ta wuce wuyan kwalbar. Sandunan da ke ɗaukar ƙyallen iska ba a kafa su a tsaye. Kowace akan huda gindinta a zura mata siririyar waya ta zama hinji, ta yadda za ta iya kwantawa ta baya. Daga kan kowace sanda sai a ja zare ya bi ta wani ɗan rami a hancin jirgin, a bar shi da tsawo. Ƙyallen kuwa takarda ce marar kauri ko yadi, ana naɗe shi a hankali.

Kafin nan an riga an shimfiɗa teku a cikin kwalbar. Foti ne irin na masu sa gilashin taga, a kwaɓa da shuɗin fenti, a riƙa shigar da shi kaɗan-kaɗan da doguwar waya mai lanƙwasasshen kai. Nan ne masu koyo suka fi ɓata aiki, don in fotin ya goga a jikin gilashi, share shi ta wannan ƙaramin baki ya fi shimfiɗa shi wahala. Sai a kwantar da sanduna, a tura jirgin da baya, a danna shi cikin fotin, a jira ya kama. In ya kama, a ja zarurrukan da suka leƙo waje ɗaya bayan ɗaya, sanduna su miƙe, ƙyalle ya buɗe. A ɗiga gam a inda zaren ya ratsa hanci, in ya bushe a datse ragowar da guntun reza da aka ɗaura a kan tsinke, a toshe kwalba.

Jan zaren ba ya cin minti biyar. Abin da ke gabansa ne ke cin makonni, wani lokaci watanni, kuma zare ɗaya in ya harɗe a ciki, sau da yawa sai an fito da jirgin an sake.

Aikin masu zaman jira

Sa abu cikin kwalba ya girmi sa jirgi. A ƙasar Ingila akwai kwalba mai ɗauke da shekarar 1719, wadda aka gina ramin haƙar ma'adinai a cikinta da ma'aikatansa. Wanda ya yi ta, Matthias Buchinger, an haife shi a 1674 ba tafin hannu ba ƙafafu, tsawonsa bai kai mita guda ba, kuma ya yi suna a zamaninsa wajen rubutu mai tsananin ƙanƙanta. Jirgi mafi daɗewa da aka sani a cikin kwalba kuwa na 1784 ne, aikin wani mutumin birnin Benis na Italiya mai suna Giovanni Biondo, yana ajiye a gidan tarihi a birnin Lubek na ƙasar Jamus.

Abin bai zama ruwan dare ba sai a rabin ƙarshe na ƙarni na 19. Dalili biyu ne suka haɗu. Kwalba mai haske garau ta yi araha, ta kuma ƙara araha bayan 1903 da Michael Owens ya fito da injin hura kwalabe a Amurka. Sannan jiragen kasuwanci na lokacin dogaye ne sirara, sifar da ta dace da wuyan kwalba. Ma'aikacin jirgi kan yi watanni a teku tsakanin Turai da Sin ko Ostareliya, ga wuƙa a ƙugu, ga guntayen katako da zare, ga kuma lokaci. Masu gadin fitilun gaɓar teku da fursunonin yaƙi su ma sun shiga. Tun kafin haka ma, Faransawan da Ingila ta tsare a yaƙoƙin Napoleon sun riƙa sassaƙa ƙananan jirage da ƙasusuwan naman da ake ba su, suna sayarwa.

A garin Aeroskobing na ƙasar Denmak, wani tsohon ma'aikacin jirgi, Peter Jacobsen, wanda ya rayu daga 1873 zuwa 1960, ya yi jirage cikin kwalba kimanin 1,700, kuma har yau baƙi na zuwa kallon abin da ya bari. A Enkhuizen ta ƙasar Holan akwai gidan tarihi da ba a ajiye komai a cikinsa sai irin waɗannan kwalabe, ɗaruruwa. Abin lura a nan shi ne shekarun masu aikin. Yawancinsu magidanta ne da dattawa, kuma ba wanda ya ga sun zubar da girma don sun zauna da tsinke da zare.

Atamfa a tsakiyar Landan

Jirgi cikin kwalba mafi shahara a wannan zamani aikin ɗan Nijeriya ne. Yinka Shonibare an haife shi a Landan a 1962, ya tashi a Legas, ya koma Ingila yana saurayi, inda wata cuta ta shanye masa ɓarin jiki yana ɗan shekara 18. A watan Mayu na 2010 aka ɗora aikinsa a dandalin Tarafalga: kwaikwayon jirgin yaƙin HMS Victory, wanda Nelson, kwamandan sojan ruwan Ingila, ya yi yaƙin 1805 a cikinsa, an rage shi zuwa kashi ɗaya cikin talatin, an sa shi a kwalba mai tsawon kusan mita biyar. Wuyanta na da faɗin da mutum zai iya rarrafawa ya shiga ya yi aiki a ciki.

Ƙyallen jirgin duka da zanen atamfa aka yi su. Atamfar nan da ake jerawa a lefe doguwar tafiya ta yi kafin ta iso: salon rininta na mutanen Indonesiya ne, masana'antun Holan da Ingila suka kwaikwaya, jiragen ruwa suka kawo ta Afirka ta Yamma. Shonibare ya ɗaura wannan tarihi a kan jirgin da Turawan Ingila suka fi alfahari da shi. Bayan an sauke aikin a 2012, jama'a suka yi karo-karo aka saye shi, yanzu yana gaban gidan tarihin jiragen ruwa da ke Girinich.

Gulbi na nan, jirgi na nan

Ana iya cewa ina ruwan mutumin Kebbe da jirgin teku. Gaskiya ne teku na da nisa, amma jirgi bai da nisa. Fakku tana kusa da Gulbin Ka, Gulbin Zamfara na arewa da ita, dukansu suna gangarawa yamma su zuba cikin gulbin da ya taso daga Sakkwato kafin ya sadu da Kwara. Da damina akwai ƙauyukan da ba a kai musu sai da kwalekwale, shi ke ɗaukar buhu da babur da mai haihuwa. Sarkawa sun gaji ruwa kaka da kakanni, kuma bikin Argungu, wanda aka faro a 1934 lokacin ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu, UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun duniya a 2016. Tseren kwalekwale na cikin wasannin da ake yi a can.

Jirgi mafi tsufa da aka taɓa samu a nahiyar Afirka ma a Arewa aka tono shi. A 1987 wani Bafulatani makiyayi yana haƙar rijiya a Dufuna ta jihar Yobe ya ci karo da katako. Masana daga Jami'ar Maiduguri da ta Farankfot suka fito da shi a 1994: kwalekwale ne mai tsawon mita takwas da ɗoriya, wanda aka kiyasta ya kai shekara 8,000, an sassaƙa hancinsa da gindinsa da tsini yadda duk mai kallo zai san ba aikin ɗan koyo ba ne.

Yaran bakin gulbi kuwa sun daɗe suna kwaikwayon abin da suke gani. Kamar yadda ɗan bakin titi ke yin tirela, haka ɗan Basarke ke feƙe totuwa ko gwangwala ya yi kwalekwale ya saki a kududdufi. In ya kife, ya ɗauko ya ƙara masa faɗi ko ya danna laka a cikinsa don ya zauna. Ba wanda ya karanta masa darasin nauyi da daidaito, ruwa ne ya nuna masa.

Kwalbar da ba a yarwa

Kayan aiki ba su ne matsala ba. Totuwa da gwangwala sun fi katakon da Turawa ke saye sauƙin sassaƙa. Tsinken tsire ya isa sanda, wayar tsohuwar lema ko ta ƙafar keke in an buge kanta ta zama cokali da ƙugiya, zaren tela na nan, ƙaro in an jiƙa shi gam ne. Kwalekwale ma ya fi jirgin teku sauƙin shiga, tunda ba shi da sanduna. Wahalarsa tana wajen ƙananan kaya: koma, gora, sandar tuƙi, buhunan da aka loda.

Kwalbar ce ke da magana. A Turai kwalbar barasa aka fi amfani da ita, abin da magidanci a ƙasar Sakkwato ba zai so a gani a ɗakinsa ba, ko da wanke ta aka yi sau goma. Sauran kwalabe kuma duk suna da aikin yi. Ta magani na komawa wurin mai turare, babba na komawa wurin mai zuma ko man gyaɗa ko man shanu, wadda ta rage 'yan gwangwan su saya. Ta lemo kuwa ta kamfani ce, kuma jikinta mai gurgunta hoto ne. Yaron da ya ɗauki kwalbar uwarsa zai sa jirgi, sai ya yi bayani. Duk da haka ana samun masu haske da faɗin baki, irin na mayonis ɗin Bama, waɗanda suka fi dacewa da mai farawa.

“Ai ka girma”

Inda gizo ke saƙar shi ne shekara goma sha biyu zuwa sha uku. A daidai lokacin da hannun yaro ya faɗa, ya fara yin mota mai juya taya da tipa mai zubar da yashi, a lokacin ne ake ce masa ya girma, ya bar wasan yara.

Iyaye na da hujjarsu, kuma ba ƙarama ba ce. Yaro a wannan shekaru hannu ne a gona, shi ke kiwo, shi ke ɗebo ruwa, ga allo ga boko. Abin da ba ya kawo ko sisi, a gidan da ake lissafin kwanon hatsi, da wuya a ba shi wuni. A 'yan shekarun nan matsalar tsaro da ta addabi ƙauyukan Kebbe ta ƙara ƙuntata abin, don uba ba zai bar ɗansa ya nausa gona mai nisa neman kara ba.

Ta fuskar addini kuwa, saɓanin malamai a kan sassaƙa siffar abu mai rai yake. An ruwaito a Bukhari da Muslim cewa Ibn Abbas ya shawarci wani mai sana'ar zane da ya koma yin bishiyoyi da abin da ba shi da rai. Mota da jirgi da gida suna cikin wannan sahu. Abin da malami zai tsawatar a kai shi ne wasan ya ci lokacin salla ko na karatu.

Masu ganin ana asara su kuma sukan kawo misalin Jelani Aliyu, ɗan Sakkwato da aka haifa a 1966. Ya yi Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Sakkwato, ya karanta zanen gine-gine a kwalejin fasaha ta Birnin Kebbi, ya tafi birnin Ditiroit na Amurka ya koyi zanen motoci, ya shiga kamfanin General Motors a 1994. Zanensa ne ya zama motar Chevrolet Volt da aka nuna wa duniya a 2007, a 2017 kuma aka naɗa shi shugaban hukumar ƙera motoci ta ƙasa. A irin makarantar da ya yi da irin kamfanin da ya yi wa aiki, kafin a ƙera mota da ƙarfe sai an fara gina ƙaramarta da yumɓu, a duba ta ta kowane gefe, a kankare, a ƙara. Manyan ma'aikata ke wannan aiki, ana biyan su albashi.

Ba kowane mai motar kara ne zai zama Jelani ba, kuma bai kamata a auna abin da wannan ma'auni kaɗai ba. Dattijon Denmak da ya cika ɗaki da kwalabe bai ƙera jirgin gaske ko ɗaya da su ba. Ya dai sami abin da zai zauna da shi da yamma, hankalinsa kwance. Matashin ƙauye da rani ya rutsa da shi, in bai tafi cin rani ba, yana da sa'o'i masu yawa da ba abin da ke cika su sai waya da zaman majalisa. Tela da mai gyaran waya da maƙerin farfaru duk idonsu da yatsunsu sun saba da ƙaramin aiki, su ne za su fi saurin kama wannan.

Makaranta da gidan tarihi

Makaranta ce ya kamata ta karɓi yaron a inda gida ya sake shi, amma tarihinta a nan bai yi daɗi ba. Lokacin da aka shigo da tsarin 6-3-3-4 a farkon shekarun 1980, an sayo injinan koyar da fasaha daga ƙasashen waje aka rarraba wa ƙananan sakandare. Da yawansu a cikin akwatunansu suka yi tsatsa, don ba wuta ba malamin da ya iya su. Darasin aikin hannu na firamare ma a wurare da dama ya koma a kawo tsintsiya daga gida, wani wurin a kawo kuɗinta. Alhali aji guda zai iya yin zango yana gina kwalekwale da awo, santimita ɗaya a madadin rabin mita, ba a kunna janareto ko sau ɗaya ba. Lissafin rabo da yara ke gudu a kan allo yana cikin wannan aiki.

Akwai kuma dalilin gaggawa. Manyan itatuwa irin maɗaci da kawo da ake fafe kwalekwale da su sun yi ƙaranci, masassaƙa sun koma haɗa katako da ƙusa. Bayan haɗurran da suka ci rayuka, irin na Warrah a jihar Kebbi a 2021 da na yankin Shagari a 2022, hukumomi sun fara raba jiragen faiba da rigunan ceto, kuma wannan abin so ne, rai ya fi komai. Sai dai sifar tsohon jirgi za ta tafi tare da masu yin sa in ba a kwaikwaye ta ba. Yawancin abin da aka sani game da jiragen kogin Nilu na shekara 4,000 da suka wuce, ƙananan kwaikwayo sun taimaka wajen saninsa, irin waɗanda aka samu a 1920 a kabarin wani babban bafade mai suna Meketre, da matuƙansu da tarunsu da tukwanen girkinsu.

Gidan tarihin Kanta da ke Argungu da na Waziri Junaidu da ke Sakkwato suna da wurin ajiye irin wannan. Kwalba tana kare aikin totuwa daga ƙura da gara da hannun yara, abin da ke cinye motar kara cikin mako guda. Wanda zai yi kwaikwayon jirgin Gulbin Ka yadda yake sai ya je mashaya da igiyar awo ya ɗauki tsawo da faɗi da zurfi, ya tambayi masassaƙi dalilin da ya sa hanci ya ɗaga haka, da inda ake sa kaya mai nauyi in ruwa ya cika. Masu wannan amsa yawancinsu sun manyanta, kuma kaɗan ne cikin 'ya'yansu suka ɗauki gizago.